Kilo uku na niƙaƙƙen nama da na zubar a farkon azumi

Ana saura kwana biyu a ɗauki azumi na sayo naman sa kilo uku, na sa aka niƙa min a kasuwa don sambusar buɗa-baki. Daga wajen mahauci na biya sayen kayan miya, na kuma tsaya gaisuwar rasuwa, naman na ƙulle cikin leda a bayan mota, ga zafin Maris na Kano. Sai bayan la'asar na shigo gida, na cusa shi dunƙule guda a firiza. Cikin dare aka ɗauke wuta.

Ranar ɗaya ga azumi na kwance ledar. Gefe-gefen ya yi ƙanƙara, tsakiyar kuwa luguf take, tana yauƙi, wani tsami ya bugi hancina. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ki soya shi sosai da yaji mana, ai wuta na kashe komai." Asarar ta ƙona min rai, amma yara ƙanana gare ni. Na zubar.

Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta fahimtar da ni inda na yi kuskure. A tsokar nama, ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella a bayanta suke zama. Da zarar inji ya niƙa, sun bi ko'ina, har da abin da naman wani ya bari a injin. Shi ya sa ba a barin niƙaƙƙen nama ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 ma awa 1 ce. Nawa ya yi kusan biyar. Ta ce wasu ƙwayoyin kan bar guba da suya ba ta kashewa, kuma naman da zai kwantar da mutum ba lallai ya yi wari ba. Wannan maganar ta fi komai tsaya min a rai, don da hanci nake gwada nama tun ina budurwa.

Yanzu nama ne ƙarshen cefanena, daga nan sai gida. Wanda zan yi aiki da shi yau ko gobe yana ƙasan firij cikin roba mai murfi, kada ruwansa ya ɗiga kan ganyen salak, kuma ba ya wuce kwana 2. Sauran ina raba shi rabin kilo-rabin kilo, in danna kowace leda ta baje kamar waina, in fitar da iska, in rubuta kwanan wata. Haka yake daskarewa har ciki da wuri, ya yi wata 3 zuwa 4 da ɗanɗanonsa.

Gefen firizar na jera gorunan ruwa da suka daskare. Cikakkiyar firiza kan riƙe sanyi kusan awa 48 in ba a buɗe ta ba, rabi kuwa awa 24, don haka in an ɗauke wuta babu mai taɓa murfin. In gobe zan yi sambusa, tun dare nake sauko da leda ɗaya cikin firij ta saki a hankali, in soya shi har ja ya ɓace gaba ɗaya kafin ya shiga fulawa.