Laraba, maganar anko

An kawo wuta tun asuba, na goge kayan makarantar yara, har na markaɗa kayan miya kafin a ɗauke. Raina fes.

Bayan azahar Yaya ta kira. Ankon bikin 'yar Kawu ne: atamfa ranar kamu, leshi ranar wuni, ga kuma na dina. Wai ta riga ta shiga Kantin Kwari ta zaɓo, in turo kuɗina kafin Asabar, kar kalar ta ƙare. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, atamfar kawai zan ɗauka. Sauran ranakun da kayana zan zo."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke ko kunya ba kya ji? Me dangin ango za su ce? Hotunan nan fa Instagram za su hau."

Na gaya mata kwasar adashena ta wannan wata kuɗin makarantar Auta ce. Ta kuma sani, tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin a-daidaita-sahu daga Hotoro zuwa wurin aiki ya cinye ɗan abin da nake ajiyewa a da. Ta ce mai kayan yana ba da bashi. Na ce na gode, ba zan ci bashi don hoto ba.

Har magariba abin yana cin raina, kuma ba haushinta nake ji ba, tausayinta nake ji. Leshin bikin bara yana nan a ƙasan akwatinta, sawa ɗaya, ga ƙanshin turaren wutar ranar bai ma fita ba, amma har yau ba ta gama biyan kuɗinsa ba. Su waye mutanen nan da muke tsoro haka? Lokacin da Babansu ya kwanta asibiti, waɗanda suka riƙa zuwa da kwanon abinci babu wadda ta dubi zanin da na ɗaura. Ai zumunci a ƙafa yake. Da ni za a yi jere, da ni za a kwana kan tukunya, gudummawata kuma a hannun matar Kawu zan danƙa ta, daidai ƙarfina.

Tuwon dare ya ɗan yi ruwa, yara dai sun cinye.

Na tura wa Yaya saƙo a WhatsApp, ta buɗe, ba ta amsa ba. Gobe in Allah ya kai mu zan biya ta gidanta in na tashi aiki, daga nan in kai wa tela leshina na Sallar bara ya ɗan saki hannun.