Na'urar auna ruwa ma tana buƙatar mai kula

Jama'a, ga abin da aikin auna hauhawar ruwan kogin Logon, da ke iyakar Chadi da Kamaru, domin gargaɗin ambaliya ya koya mana. Ruwan da ya wuce Bongor da Yagwa sai ya yi kwanaki kafin ya iso Kusiri da Njamena, inda yake haɗuwa da kogin Shari. A cikin waɗannan kwanaki kafin ruwan ya iso ne ake kwashe hatsi da dabbobi, ba mu manta ambaliyar 2022 ba.

Ana ɗaura na'urar a ƙarƙashin gada, tana harba sauti zuwa kan ruwa ta lissafa tazarar da ke tsakaninta da ruwan. Sola mai wat 20, batir mai bolt 12 da layin waya sun isa ta riƙa aiko adadi duk minti 15.

Sai dai zafi na ruɗa ta. Sauti ya fi gudu a iska mai zafi, don haka tsakanin digiri 20 da 40, a tazarar mita 5, kuskure kan kai kusan santimita 17 in ba a haɗa mata ma'aunin zafi ba. Zanzaro kuma kan gina ɗakinsa a bakinta, sai adadi ya tsaya cak alhali ruwa na hauhawa. Wannan ya fi tayar min da hankali, domin mutane za su kwanta da zaton lafiya lau. Ƙurar hunturu ita ma takan rufe sola, batir ya mutu cikin dare.

Duk mako a share, a gwada adadin da sandar awo ta bakin kogi. Saƙon gargaɗi kuwa ya isa wayar lawan da bulama, cikin harshen da suke ji.