Kalmar "AA" da na faɗa ba tare da na gani ba

Ƙannena masu shiga aikin labo, wannan kuskurena ne, kuma ni kaɗai na yi shi.

Ina sabon hannu a wani ɗakin gwaje-gwaje a Yamai, ƙanwata ƴar kawuna ta kawo mini saurayinta. Ita ta san jininta AS ne, wato tana ɗauke da gadon amosanin jini ko da yake ba ta da ciwon. "Yaya, don Allah ka duba mana nasa, an kusa sa rana."

Na yi masa gwajin Emmel, wanda muka fi sabawa da shi saboda arha. Ɗigon jini a kan gilashi, a haɗa da ruwan sodiyom metabisalfait na kashi 2 cikin 100, a rufe, a toshe gefe da jan farce don kada iska ta shiga. Idan akwai sinadarin S, mai kawo amosanin jini, rashin iskar zai sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje. Na jira, na leƙa madubi, duk ga su kewaye sumul. Sai bakina ya riga hankalina: "Kai AA ne, ku sha bikinku."

Abin da gilashin ya gaya mini kawai shi ne babu S. Bai ce AA ba. Akwai wani sinadarin, C, da ya yawaita a Burkina Faso da arewacin Gana, kuma muna da shi a Nijar. Da S da C duk a wuri guda suka kauce wa A mai lafiya, gurbi na 6 a sarƙar beta ta himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Na S ɗin ne masanin kimiyya Vernon Ingram ya gano a Kambirij ta Ingila wajen 1957. Amma C ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, don haka Emmel ba ya ganinsa. Sai gwajin elektroforez, inda lantarki ke ja kowane sinadari ya tsaya a nasa layin. Na karanta wannan a makaranta, har na ci jarrabawa a kansa. Ranar dai kunyar suruki da son a ce na iya suka rufe mini ido.

Ashe saurayin AC ne. AS da AC, kowane ciki yana da ɗaya bisa huɗu na zuwa da SC, kuma ɗansu na biyu da shi ya zo. SC ma amosanin jini ne; ya fi SS sauƙi, amma yana taɓa ido da ƙashin ƙugu, ciwon gaɓɓai kuma na hana barci.

Don haka ku rubuta iya abin da gwaji ya nuna, ko da wanda ke gabanku ɗan ɗakinku ne. Zancen aure kuwa, a tura elektroforez, akwai cibiyar ƙasa ta masu amosanin jini nan Yamai. Ku kuma tambaya ko an ƙara wa mutum jini cikin wata 3 da suka wuce, domin jinin wani na rikita sakamako.

Ƙanwata ba ta taɓa yi mini gori ba. Duk lokacin sanyi, idan yaron ya kwana yana kuka, ni take fara kira: "Yaya, ka zo ka duba mana takardar."