Dutsen da na ɗora wa kantar kicin a gidan sayarwa

Idan gidan sayarwa kake gyarawa, kantar kicin ba don idonka ake yin ta ba. Maigida in ya zo ganin gida, takardun KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, yake fara tambaya, sai rufi, sai ruwa da katanga. Uwargida kuwa kicin take nufa kai tsaye, ta shafa kanta da tafin hannu, ta buɗe kabad ɗin ƙarƙashin sinki ta ji ko yana warin danshi. Da wannan lissafin na shiga gyaran wani gida mai ɗaki uku a Barnawa, wanda magada suka yanke shawarar sayarwa.

Kantar da na tarar irin ta tsofaffin gidajen Kaduna ce: silab na kankare da rodi a kan ƙafafun bulo, an lulluɓe shi da ƙananan fararen tayil, layukan tsakaninsu duk sun yi baƙi. Birkila ya ce a rushe a kawo kabad na katako. Ban yarda ba. Na sa aka ɓamɓare tayil ɗin kawai, muka bi silab ɗin da ƙwanƙwasa, babu inda ya yi ƙarar holoƙo, babu rodin da ya yi tsatsa har ya fasa siminti. Irin wannan gindin ruwa ba ya kumbura shi, gara ba ta cin sa, kuma yana tallafe dutse ko'ina, don haka mai kaurin santimita 2 ya wadatar. Bambancin ba ƙarami ba ne, a kuɗi da kuma a nauyi: dutsen girenait mai kaurin santimita 2 yakan kai kilo 55 a kowace murabba'in mita, mai santimita 3 kuma wajen kilo 80. Wanda zai ɗora siririn a kan kabad na katako sai ya fara shimfiɗa filawud mai kaurin milimita 18 a ƙarƙashi, in ba haka ba ranar da wani ya hau kanta don ɗauko kaya a sama, dutsen zai tsage.

Fomaika a kan katakon MDF, wato na garin katako da aka matse, tun farko na cire ta daga lissafi. Tana da araha kuma tana kyau a hoto, amma da zarar ruwa ya sami hanya ta bakin sinki katakon zai kumbura, kuma matan da suka taɓa zama gidan haya sun san ta. Saura mabul, kwaz, girenait da manyan tayil.

Ban zaɓa a shago ba. Na roƙi mai dutse gutsattsarin da ke zube a gefen injin yanka, na kai su kicin ɗin na jera kusa da taga. A kan kowanne na ɗiga manja, ruwan zoɓo, lemun tsami da kwaɓin kurkum, na bar su suka kwana. Farin mabul, wanda shi ya fi ɗaukar ido, shi ya fi shan kashi. Manja ya bar rawayan tabo, inda lemun tsami ya taɓa kuwa ƙyallin ya mutu, wurin ya yi dishi-dishi, kuma wannan ba ya wankuwa domin cin dutsen aka yi. Mabul dangin farar ƙasa ne, duk abu mai tsami yana narkar da fuskarsa. A gidan da ake jiƙa tsamiya don kunu ana markaɗa tumatir kullum, ba wurinsa ba ne. Ga shi da laushi, wuƙa ma tana yi masa zane.

Kwaz bai sha komai ba sai ɗan alamar kurkum da ta fita da sabulu. Shi ba dutsen da aka yanko daga dutse ba ne, garin dutse ne, kimanin kashi 90 cikin 100, aka haɗa da gam irin na roba aka matse. Shi ya sa ba ya shan mai, shi ya sa kuma ba ya jure zafi. A sauke tukunyar tuwo daga wuta a dire masa kai tsaye, sai ya yi zoben ƙuna wanda ba ya gyaruwa, farin kuma yakan koma rawaya-rawaya inda rana ke dukan sa ta taga. Da a Malali ko Unguwar Rimi gidan yake, inda mai saye ke sa ran ganin irinsa, da na yi tunani. A wannan layin, kuɗin da za a ƙara ba zai dawo a farashin gida ba. Dillalin da ke riƙe da gidan ma ya faɗa min a fili: "Alhaji, unguwa da girman fili ke yanka kuɗi. Kicin dai yana sa Hajiya ta ce a saya da wuri."

Manyan tayil masu santimita 60 da 120 ba abin rainawa ba ne ga ƙaramin gida, in an sami mai aiki da ya iya haɗa baki. Rauninsu gefen gaba, nan suke ɓarewa.

Sai girenait, kuma a nan ne maganar launi ta taso. Kowa baƙi yake so, musamman mai ɗigon zinare da ake kira Black Galaxy, wanda ake shigowa da shi daga Indiya. A shago, an goge shi yana ƙyalli, babu kamarsa. Amma gidan sayarwa a kulle yake zama, wani lokaci watanni, kuma dillali ba zai zo da tsumma ba. Gutsuren baƙin da na ajiye, kafin la'asar ana iya rubuta suna a kansa da yatsa, alhali ma hunturu bai kankama ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta neman izinin taga. Ruwan rijiyar burtsatse kuma in ya bushe a kan baƙi sai ya bar farin zane a gefen famfo. Fari tas shi ma jar ƙurar Kaduna tana tona masa asiri. Wanda ya rufa wa kansa asiri shi ne ruwan toka mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari: ƙura ta zauna a kansa ba a gani, kuma yana tafiya da kowane fenti. Mai saye da ke son kabad ruwan ƙasa ko fari ko shuɗi ba zai ji dole sai ya fasa kanta ba. Jan dutse da kore na bar su, domin launi mai ƙarfi in ya burge mutum ɗaya sai ya kori uku, kuma tayil ɗin ƙasan kicin ɗin ruwan madara ne, da jan zai yi faɗa da shi.

Wani abu game da baƙi mai araha: akwai wanda rina shi ake yi. A jiƙa farin ƙyalle da ruwan goge jan farce a murza a fuskar dutsen, in ƙyallen ya ɗauko baƙi, rini ne, zai koɗe. Ruwan toka kuma yana da nasa aibin, ya fi baƙi shan ruwa. A zuba masa cokali ɗaya na ruwa a jira minti 15. In wurin ya yi duhu, sai an shafa masa maganin toshe ƙofofin dutse, wanda masu aikin ke kira sila. Ruwan tokan da na zaɓa ya yi duhu, manja ma ya bar inuwa a gutsuren, don haka aka shafa sau biyu bayan an gama ɗorawa, aka goge rarar kafin ta bushe.

Awo kuwa mai yankan dutsen ne ya kamata ya zo ya ɗauka da kansa, bayan an gama filasta da daidaita silab. Bangon tsohon gida ba ya miƙewa; a tsawon mita 3 mun sami karkatar da ta kusa santimita 2, sai da aka yanka kwali daidai kusurwar aka tafi da shi. Faɗin kanta santimita 60, da ɗan leɓe na santimita 3 da ya zarce ƙofofin kabad don kada ruwa ya riƙa gangarowa a kansu. Tsayi daga ƙasa, da siminti da dutse, ya tsaya a santimita 88. Tsakanin 85 da 90 ne daidai, in ya wuce haka mace mai matsakaicin tsayi sai ta ɗaga kafaɗa kafin ta yanka albasa. Bakin gaba na sa aka zagaye shi kaɗan, mai kaifi yana saurin ɓarewa in tukunya ta buge shi.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne ramin sinki. Kusurwoyinsa huɗu a yanka su da lanƙwasa, domin daga kusurwa mai kaifi tsaga ke farawa, kuma a bar aƙalla santimita 8 na dutse a gaba. Tun kafin a yanka a sayo sinkin a miƙa wa mai aiki, kada a yarda da "ai duk girmansu ɗaya". Kanta mai siffar L dole ta sami mahaɗa. A kai ta kusurwa, nesa da sinki, a cike da gam mai haɗi biyu da aka gauraya da garin dutsen don launi ya saje. Farin siminti a mahaɗa yana tsagewa ya tara datti. Dutsen biyu kuma su fito daga falle ɗaya, na ga kicin da rabi ya fi rabi duhu saboda an ciko daga wani kaya. Tsakanin kanta da bango aka kafa siririn dutse mai tsayin santimita 10, aka bi da silikon, shi ke hana ruwa zurarewa baya. Duk yankan da za a yi a gida a yi shi a tsakar gida ana zuba ruwa, ƙurar dutse tana lalata huhu.

Ban huda ramin murhun gas a cikin dutsen ba. Ba ka san abin da mai saye zai zo da shi ba, wata da murhun tsaye mai oben cikin kayan aurenta, wata da na ɗorawa a kan tebur. Na bar gurbi mai faɗin santimita 92 a ƙarshen kanta, da soket, da ƙaramar huda a bango don tiyon gas ya fita waje inda tukunyar gas ɗin za ta zauna.

Kanta ita ce kusan ƙarshen shiga, bayan mai tayil da mai wayarin sun gama. Masu fenti ne kawai suka rage, su kuwa a kanta suke tsayawa su kai silin, a kanta suke ajiye bokiti. Na sa aka rufe ta da kwali biyu-biyu aka manne da tef, ba a cire ba sai ranar da dillali zai ɗauki hotunan da zai tura a WhatsApp. Gutsuren da aka cire daga ramin sinki na sa aka goge bakinsa aka bar shi a kicin ɗin, ya zama wurin dire tukunya mai zafi.