Ramin MIDI a fiyano mai USB kaɗai: inda aikin ya kai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon haɗa kayan sauti. Fiyanon da nake aiki a kansa na zamani ne, bayansa babu komai sai ramin USB. Tsohuwar na'urar kiɗan da nake so ya sarrafa kuwa ba ta san wani rami ba sai na MIDI (hanyar da kayan kiɗa ke aika wa juna saƙo), wato zagayayyen ramin DIN mai fil biyar, tsarin da ake kai tun 1983.

Kada kowa ya ɓata kuɗinsa a kan wayar nan ta kasuwa mai kan USB a gefe guda da kawunan MIDI biyu a ɗaya gefen. Don kwamfuta aka yi ta. Fiyanon yana jiran kwamfuta ta ba shi umarni, ita ma wayar haka, sun zama yaran mota biyu babu direba. Dole a samu mai jan ragama a tsakani.

Ni Arduino Uno na ɗauka, ƙaramin allon kwamfuta da ake loda wa shiri, na ɗora masa allon USB Host Shield, wanda ke ba shi damar jan ragamar na'urar USB kamar kwamfuta. Ban taɓa cikin fiyanon ba, kuma ba na ba da shawarar a buɗe shi. Resista da dalma a wurin masu gyaran talabijin na nan Sakkwato na same su, allon ne sai da aka yi mini saƙonsa daga Legas.

Ɓangaren fitar da saƙo ya kammala. A ramin DIN, fil na 4 yana karɓar volt 5 ta resista mai ohm 220, fil na 5 yana zuwa TX, ƙafar Arduino mai fitar da saƙo, ta wata 220 ɗin, fil na 2 kuma ƙasa. A shirin da aka loda wa Arduino an sa gudun saƙo a bit 31,250 a daƙiƙa. Ko kaɗan aka kauce wa wannan lamba, na'urar shiru za ta yi ko ta riƙa fitar da sautin da ba a danna ba. Lambobin fil ɗin ba a jere suke ba, sannan ta wajen liƙi a juye ake ganinsu, don haka a gwada da mita kafin a narka dalma. Gwaji mafi arha shi ne ƙaramin ƙwan LED tsakanin 4 da 5. Idan yana ƙiftawa duk lokacin da aka danna maɓalli, saƙo na fita. Nawa ya ƙifta, har fedar ƙafa na'urar ta ji.

Saura ɓangaren shigar da saƙo, wanda sai da ƙaramin guntun lantarki mai lamba 6N138. Da haske yake tsallakar da saƙo, wutar na'urorin biyu ba ta gamuwa, kuma ga mai kunna janareta wannan kariya ce babba daga gunji a lasifika. Da kun jona shi a RX, ƙafar Arduino mai karɓar saƙo, ku riƙa cire wayar kafin loda sabon shiri, in ba haka ba lodin zai ƙi.

Allon har yanzu a fili yake bisa tebur. Ina neman ƙaramin akwatin roba mai murfi kafin ƙurar hunturu ta sauko. Wanda ya taɓa huda ramin DIN a jikin roba ba tare da ta tsage ba, ya faɗa mini da me ya huda.