Jan biron Anti

Yau kwana huɗu ke nan CV ɗin nan, takardar bayanin kaina ta neman aikin nas, ta hana ni sakat. Suna, lambar waya, makaranta, shekarar gamawa, lambar lasisi, duk minti goma ya ishe su. Adireshin imel ma sabo na buɗe, don wancan da na ƙirƙira ina 'yar sakandare ba ya shiguwa takardar neman aiki, kar ku tambaye ni sunan. Da na iso wurin ƙwarewar aiki ne na tsaya cak. Kowace sanarwa cewa take ana neman mai ƙwarewar shekara biyu. To wa zai ba ni shekarun, in kowa na jiran wani ya fara ba ni?

Na ɗauki ta Yaya na kwaikwaya, ta kai shafi uku. Na ji daɗin kaina sosai.

Sai ga Anti da hantsi, ta zo karɓar cajarta da ta manta. Tsautsayi ya sa na ce ta duba min. Ko zama ba ta gama yi ba ta zaro jan biro daga jaka. Mutum ya yi ritaya amma jan biro na jakarsa, Allah mai iko.

Layin farko na rubuta cewa ni mai haƙuri ce, mai tausayi, mai aiki tuƙuru. Ta leƙo ni ta saman tabarau. "Ke, kin taɓa ganin nas ɗin da ta rubuta ita masifaffiya ce, malalaciya?" Ta ja layi a kai. Na yi dariya, don gaskiya ce. Ta soke abubuwan sha'awa, ta soke firamare, ta ce sabuwar nas shafi ɗaya ya ishe ta, mai tantancewa yana da tarin takardu a gabansa, ba zai juya shafi saboda ni ba.

Daga nan ta iso layin da ya ɓata min yini. Na rubuta: ƙwararriya wajen saka kanula, wato 'yar siririyar robar nan da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa ko magani.

"Sau nawa kika saka?"

Na ce da yawa, Anti.

"Ɗauko littafinki."

Littafin da ake sa mana hannu lokacin sanin makamar aiki take nufi. Na ɗauko muka ƙirga tare, yatsanta na bin layi ɗaya bayan ɗaya. Gwaji 14. Na samu jijiya a 9. Duk manya ne, duk da rana, duk da wata babbar nas tsaye a kaina.

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. A hankali ta ce, "'Yata, ranar da kika fara aikin dare za a miƙo miki yaro ɗan wata takwas da gudawa ta tsotse, jijiya ta ɓuya, uwar na kuka a gefe. Za a ce ku ba wa sabuwar, ai ƙwararriya ce, ita ta rubuta da hannunta. Me za ki ce musu?" Na yi shiru, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta soke kalmar ta rubuta a samanta: na saka wa manya kanula a ƙarƙashin kulawa. Na ce Anti ai wannan kamar tallan gazawa ne. Ta ce duk wadda za ta karanta ta taɓa zama sabuwa, ta san abin da hannun ɗaliba ke iya yi, kuma ƙarya irin wannan a tambaya ta biyu ake kama ta ranar ganawa.

Amma fa ita ce ta cike min gurbin da na kwana huɗu ina kallo. Ta ce in daina cewa ba ni da ƙwarewa, in jera ɗakunan da na zaga da makonnin da na yi a kowanne. Ɗakin tiyata, ɗakin yara, ɗakin haihuwa, taimakon gaggawa, masu taɓin hankali. A ƙarƙashin kowanne abin da hannuna ya taɓa: wanke ciwo, saka robar fitsari, ɗaura ƙarin ruwa da lissafin ɗigonsa, auna sukari, duba makin Apgar na lafiyar jariri a minti 1 da minti 5 bayan haihuwa, miƙa aiki ga masu karɓa. Takardar horon farfaɗo da zuciya kuwa, wadda na cusa can ƙasa, ta ce ta hau sama kusa da lasisi, da ranar ƙarewarta. Har ta tsare ni da tambaya kamar a aji. Na ce danna ƙirji 30, hura numfashi 2, dannawa 100 zuwa 120 a minti. Ta gyaɗa kai, shi ne yabon da na samu yau.

Yaya ta leƙo ta ƙara da nata, wai manyan asibitoci da yawa manhaja ce ke fara tace takardu kafin idon mutum ya gani, don haka in ɗauki kalmomin da ke cikin sanarwar in dai sun dace da ni, in bar teburori da adon da na cika shafin da su. Adon da na ɓata dare guda a kai.

Wasiƙar rakiya kuma, wadda ake haɗawa da CV, Anti ta ce CV ɗin kawai na sake zubawa cikin jimloli. "Ba ni labari ɗaya." Sai na tuna dattijon nan na ɗakin tiyata, kwana biyu bayan aikinsa. Takardar awonsa tun safe numfashi 18 ake ta rubutawa, ni kuma don tsoron malamarmu na tsaya da agogo na ƙirga cikakken minti, na samu 28. Na sake ƙirgawa. Babba mai lafiya 12 zuwa 20 ne. Bugun zuciyarsa ma ya haura 100. Na je na gaya wa nas mai kula da ɗakin murya na rawa, aka kira likita. Anti ta ajiye biro ta ce wannan shi ne wasiƙar, jimla huɗu, ba suna, ba lambar gado, ba abin da zai sa a gane shi. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, ƙirga ne kawai.

Ta tafi, ta sake manta cajar.

Da yamma jikina ya yi sanyi. Na san a cikin 'yan ajinmu akwai waɗanda za su rubuta ƙwararriya, su ƙara da gogaggiya, ba mai jan biro a gidansu, kuma wataƙila su za a fara kira. Na mayar da kalmar. Na goge. Na sake mayarwa, na zauna ina kallonta.

Biyar ɗin da ban samu ba ne suka dawo min, musamman matar nan da na huda sau biyu har wurin ya kumbura ya yi baƙi. Hannuna na karkarwa, ita ce ma take lallashina, "Ba komai 'yata, gwada ɗaya hannun." Babbar nas ta karɓa, cikin daƙiƙa biyar jini ya leƙo a kanular. Har yau ina ganin hannun nan.

Na goge kalmar, na mayar da takardar zuwa PDF da cikakken sunana a kai. Ban tura ba tukuna, sai Juma'a ake rufewa. Wasiƙar ta tsaya a sakin layi na biyu, na kasa samun yadda zan ce ina son aiki a ɗakin yara ba tare da na yi kama da mai roƙo ba. Gobe in Anti ta dawo ɗaukar caja zan ɓoye birona, duk da na san da nata za ta zo.