Kofin lig: abin da na ga yana kawo shi, da abin da yake hana mu shi a Jos

Duk sanda aka fara sabuwar kaka sai ka ji magana ɗaya a bakin mutane, daga gidan kallo na Bauchi Road har teburin mai shayi a Gangare: a sayo wa ƙungiyarmu Plateau United sitiraika. Kowa ɗan gaba yake nema, mai cin ƙwallo 20, wai da an same shi kofi ya zo gida. Ni dai ban yarda ba. Ƙungiyar da za ta ci lig tana buƙatar ɗan gaba mai kyau, wannan ba a musu, amma shi ne abu mafi sauƙin samu a garin nan. Garin da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa ai ba za a ce masa ya rasa ƙafa ba. Abin da muke rasawa shi ne riƙo, wato a haɗa ƙungiya a bar ta ta zauna, a biya ta a kan lokaci, a koya mata yadda ake ɗauko maki a gidan wani.

Bari mu fara da lissafi, don shi ba ya son kowa. Lig ɗinmu na Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Ko da ka cinye duk wasanninka 19 na gida ba ka bar ko canjaras ɗaya ba, maki 57 ke nan ka tara. To Plateau United da ta ɗau kofi a 2017 da maki 66 ta ɗauka, MFM ta Legas tana biye da ita. Rivers United kuwa a 2022 maki 77 ta haɗa, ka ga ko ta cinye gida kaf sai da ta kwaso aƙalla maki 20 a waje. Ma'ana dai duk ihun da muke yi a filin Rwang Pam ko na Zariya Road, da sanyin Jos da tudun nan da ke sa baƙi haki tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, duk wannan iyakarsa ya hana mu faɗawa ƙasan teburi. Kowa zaki ne a gidansa a lig ɗin nan. Kano Pillars ta yi kusan shekara 12 ba a ci ta a gida ba a lig, sai a 2015 Nasarawa United ta karya abin, amma a duk tsawon shekarun nan kofi huɗu ta ɗaga, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, sauran shekarun gida yana nan daram amma kofi ya tafi wani wuri.

Shi kuma wasan waje a ƙasar nan tun daga mota ake fara buga shi. Ka ɗauki ƙungiya daga Jos za ta Aba ko Uyo ko Fatakwal, a bas, a gangara Akwanga a wuce Lafiya a tsallake gadar Makurɗi a bi ta Otukpo a shiga Inugu, har yanzu da sauran tafiya, mutum ya wuni a naɗe a kujera gwiwa ta kumbura baya ya ƙage, ga ramuka ga shingen jami'an tsaro ga fargabar dare ya riske ku a hanya. In an isa ana gobe wasa da daddare, yaushe aka huta, yaushe aka taka filin aka ji yadda ƙwallo ke gudu a kansa? Ƙungiyar da take son kofi da gaske ita ce wadda take tashi da wuri ta isa da kwana biyu a hannu, ta sauka a masauki mai ruwa da wuta, 'yan wasa su ci abincin da cikinsu ya saba da shi, in da hali a hau jirgi a tafiye-tafiye masu nisa. Babu wanda zai yi wa wannan tafi a filin wasa, amma canjaras ɗin da ake tsinta a waje, ɗaya nan ɗaya can, daga nan yake fitowa, kuma shi ne a ƙarshen kaka yake raba na ɗaya da na huɗu.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ci min rai. Akwai wani ƙanena a unguwa, ba ciki ɗaya ba amma a gabanmu ya tashi, ɗan baya ne mai tsayi, yana buga wa wata ƙungiya a wata jiha. Ya zo hutun tsakiyar kaka muka zauna a ƙofar gida bayan la'asar, wayarsa na hannunsa, duk ƙarar da ta yi sai ya duba da sauri ya mayar da ita aljihu. Na ce lafiya dai? Ya ce, "Yaya, wata uku ke nan ba alat, bonas ɗin wasan da muka ci ma har yanzu ana ce mana takarda na ofis." Matarsa na da ciki, mai gida na tambayar haya, takalmin da yake bugawa da shi ma da kuɗinsa ya saya. Na ce to in an zo ƙwallon da za a sa ƙafa a raba fa, kana sa wa? Ya yi shiru kaɗan ya ce, "Yaya in na karye wa zai yi jinyata?" Wallahi ban ga laifinsa ba. Yaro ne mai zuciya, na san shi, amma an mayar da shi mai lissafi a cikin fili. Ka tara irinsa 11 ka ce su je gidan wani su riƙe 0-0 har minti 90 ana jifansu da ledar ruwa, ba zai yiwu ba. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jiha ne, kuɗinsu sai ya bi ta teburi bayan teburi kafin ya iso hannun ɗan wasa, in aka shiga shekarar zaɓe ko aka canja gwamnati sai komai ya tsaya cik, a rushe shugabanni a naɗa wasu, su ma su zo da nasu kocin da nasu 'yan wasan.

Nan ne maganar riƙo ta shigo, kuma tarihin garin nan kaɗai ya isa misali. Mighty Jets ce ta ci lig na farko da aka fara yi a Najeriya a 1972, zamanin su Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo, dattawanmu har gobe suna ba da labarinsu. Daga nan sai da Jos ta jira shekara 45 kafin Kennedy Boboye ya kawo mana kofin lig da Plateau United a 2017, ranar ƙarshe aka ci Rangers 2-0 a nan gida, wanda ya ga garin nan a ranar ba zai manta ba, Musulmi da Kirista a kan mashin ɗaya ana hon har dare. Bayan nan Boboye ya tafi, a 2021 ya je ya ɗaga kofi da Akwa United. Abdu Maikaba ya zo ya haɗa ƙungiya mai kyau, muna saman teburi a 2020 korona ta tsayar da lig, aka tashi ba a ba kowa kofi ba, wannan ƙaddara ce ba laifin kowa ba. Sai Fidelis Ilechukwu, wanda shi ne kocin MFM ɗin da ta bi mu a baya a 2017, ya zo Jos ya kai mu na biyu a 2022, ya koma Rangers ya ci lig da su a 2024. Ka duba fa, koci biyu da suka zauna a bencinmu sun je sun ɗau kofi a wani gari. Ban ce kowa ya tafi don an ɓata masa ba, kowa da dalilinsa, abin da nake cewa shi ne a cikin shekara shida mun haɗa ƙungiyar da ta isa ɗaukar kofi har sau uku, kuma kowane karo sai a koma a faro daga tushe.

Kwatanta da waɗanda suka yi haƙuri. Koci Stanley Eguma ya kasance tare da Rivers United tun da aka haɗe Sharks da Dolphins aka kafa ta a 2016, bai ɗau lig da ita ba sai 2022, aka bar shi duk tsawon lokacin. Remo Stars ta Ikenne, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta Kunle Soname ce, ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, sannan ta ɗauka a 2025 da Daniel Ogunmodede. Da a wani wurin ne, zuwa na biyu sau biyu a jere ya isa a ce koci ba shi da sa'a a nemo wani. Su suka bar shi, ga filinsu na kansu, ga makarantar horar da yara da ke ciyar da babbar ƙungiya. Ƙungiyar ƙwallo kamar miyar taushe ce, in kana buɗe tukunya kowane minti kana ƙara sabon abu ba za ta taɓa haɗa jikinta ba.

A cikin fili kuwa, in aka ce in zaɓi inda za a fara kashe kuɗi, gola da 'yan baya biyu na tsakiya zan ce, sai mai tare tsakiya guda wanda ba ya gajiya. Masu kallon Firimiya sun ga wannan da idonsu. Liverpool tana da Salah da Mane da Firmino tana zura ƙwallaye kamar me, amma sai da ta sayo Van Dijk a kan fam miliyan 75 a Janairun 2018 ta ƙara da gola Alisson kafin ta ci kofin zakarun Turai a 2019 da lig a 2020. Leicester ta 2016 kowa Vardy da Mahrez yake tunawa, amma sau uku kacal aka ci su a wasa 38, ga Kante a tsakiya ga Morgan da Huth a baya ga Schmeichel a raga, kusan mutum 11 ɗin nan su ne kullum, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya ko bai ɗaga kai ba. 'Yan Arsenal kuma, ku yi haƙuri, kun fi kowa sanin zafin rashin benci: 2023 kuna sama kusan duk kakar, Saliba ya ji rauni a watan Maris, baya ta buɗe, Manchester City ta wuce da maki 89 kuna da 84. Mu a nan abin ya ma fi tsanani, don filayenmu masu tauri ne, tafiya ga nisa, wani lokaci wasa Laraba wasa Lahadi, kuma da yaro ya yi wasa biyar masu kyau ejan ya zo ya ɗauke shi zuwa waje a tsakiyar kaka. Dole a kowane gurbi a samu mutum na biyu da in an sa shi ba za a ji bambanci sosai ba, kuma dole a samu likita da mai gyaran jiki na gaske, ba mai fesa ruwan sanyi kawai ba.

Rafali fa? Na san za a tambaya. E, ana yin abin da bai dace ba, duk wanda ke zuwa fili ya taɓa ganin fenaritin da ya sa shi riƙe baki. Amma tunda aka fara nuna wasanni a talabijin da waya abin ya ragu, ana cin wasa a waje yanzu fiye da da. Mu 'yan kallo ma muna da namu aikin a nan, don duk ranar da aka yi jifa ko aka shiga fili aka taɓa alƙalin wasa, hukuncin a kan ƙungiya yake sauka, a ci ta tara, a kwashe mata maki ko a kai ta wani gari ta buga wasan gidanta ba kowa. Kano Pillars da duk girmanta an cire mata maki a 2022 saboda rikicin 'yan kallo, kuma a kakar ce ta faɗa rukuni na biyu. Mai jifa yana ganin kishi yake yi, alhali makin da yaran suka sha wahala suka samo yake zubarwa.

Abin da nake roƙon masu riƙe da ƙwallo a jihar nan bai da yawa. A ba koci kwantiragin shekara uku a kuma cika masa ita ko an yi kaka ɗaya mara daɗi. A riƙe 'yan wasa goma sha biyar na kakar bara, a ƙara biyar ko shida inda ake da giɓi, a daina sallamar mutum ashirin a kawo ashirin. Albashi ya shiga ƙarshen wata, bonas ya shiga kafin wasa na gaba. Sannan a zagaya filayen unguwanni da safe, Rikkos, Anguwan Rogo, Tudun Wada, Bukuru, a ga yaran da ke tirenin tun ƙarfe shida cikin hazo, a ɗauke su tun suna 15 a sa su a ƙaramar ƙungiya da kwantiragi na gaskiya, yadda in an sayar da ɗaya waje kuɗin zai dawo asusun kulob a biya sauran da shi.